Wankan Jegon da Kaltume Ta Kai Agadas

A ƙauyukan da ke kewaye da Tsanyawa, shekaru da dama kafin yaƙin Basasa, in mace ta haihu ba a tambayar wa za a kira. Kaltume matar Dallatu ce. 'Yar guntuwar mace ce mai kaurin murya, tafin hannunta ya ƙone ya warke ya sake ƙonewa har ta kan ɗauki garwashi da yatsa ta kai wani murhun ba ta ji ba. Ungozoma ce, amma ba yankan cibi ne ya fito da sunanta ba. Wankan jego ne.

Ruwanta sai ya tafasa ya yi ta tsalle a tukunya sannan take saukewa. Ta tsoma damin ganyen runhu da na tsamiya, ta shiga fyaɗa wa mai jego daga wuya har ƙafa, safe da yamma, kwana arba'in cif. A fito daga wanka a sha kunun kanwa mai zafi, a ci ƙauri da yaji, a hau gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi. Abin da ake gudu ɗaya ne, kada sanyi ya shiga ɗanyen jiki ya kumbura mace. Kaltume kuwa ta ɗauki sanyi abokin gabanta na kanta, kamar wanda ya taɓa zagin ubanta. In yarinya ta yi ihu, sai ta ce, "Yi da ƙarfi, maƙwabta su shaida an yi miki gata." Iyaye na son ta saboda ba ta da sassauci, 'yan matan kuwa sai sun yaye suke fara gaishe ta da fara'a.

Ita kanta bakwai ta haifa, shida ƙasa ta rufe tun suna ƙanana. Furera kaɗai ta rage, autarta. Bakin nan da ke yi wa kowa tsawa, in ya zo kan Furera sai ya yi laushi. Da ta isa aure aka ba ta Kashim, ɗan wani gidan Barebari da suka daɗe a Bacirawa suna fataucin turkuɗi, rinannen yadin nan mai sheƙi. Tana son sa, yana son ta, ba wanda ya yi kuka sai na al'ada. Shekara ɗaya da biki ubangidansa ya tura shi Agadas ya zauna ya riƙa karɓar kaya, shi kuwa ya ɗauki matarsa suka tafi.

A shekara ta biyu, da ayarin Asbinawa ya sauko da gishiri bayan kaka, wani ɗan ayari ya biyo ta gidan Dallatu da saƙo. Furera na da ciki, kuma tafiyar ta fi ƙarfin mai ciki, ba za ta zo goyon ciki gida ba. Kaltume ta ƙirga watanni da yatsu, ta ga haihuwar za ta faɗo tsakiyar bazara. Ba ta yi shawara da kowa ba ta fara ɗaure kaya: kanwa ungurnu, yaji, daddawa, gero, da busasshen ganyen runhu dami biyu.

Dallatu mutum ne da bai cika magana ba, gonarsa ta gero da dawa ta ishe shi hira. Ya tsaya yana kallon kayan, can ya ce, "Kaltume, ai can ma ana haihuwa."

Ta ce, "Ana haihuwa, amma wa ya ce maka ana wanka? Haihuwar fari ce fa, Malam. In bar ta hannun mutanen da ko itace ba su da shi?"

Dallatu ya haƙura. Ya sayar da tunkiya ya haɗa ta da wani madugu mai amana, ta hau takarkari, suka bi ta Kazaure da Tasawa da Damargu. Kwana talatin da 'yan kai suka yi a hanya. Ta ga itatuwa suna raguwa, suna gajarta, har suka ƙare, ta kuma yi wa kowa faɗa a ayarin, har da raƙuma.

Kaltume tana ganin ta san zafi. Bazarar Kano ba wasa ba ce, amma a gida akwai inuwar tsamiya da ɗorawa a bakin kowace gona, kuma in zafi ya kai maƙura mutum kan ɗaga kai gabas ya ga hadari na haɗuwa, ya san an kusa. A Agadas ba abin da ke haɗuwa. Gari ne na jar ƙasa, gidaje a manne da juna, doguwar hasumiya a tsakiya, sama kuma fes kullum. Tun hantsi ƙasa ke hana takawa. Iska in ta taso ba sauƙi take kawowa ba, busar da leɓe take yi har ya tsage. Bango ya sha rana wuni guda, ya yi ta mayar da ita har asuba.

Mutanen garin sun san yadda suke zama da abinsu. Asubar fari ake tashi a yi ɗiban ruwa da daka da girki, kafin rana ta ɗaga an kashe wuta. Daga nan a rufe ƙofofi, a jiƙa tsumma a rataya a bakin ɗaki, a rataye salka, jakar ruwa ta fata, inda iska ke bi don ruwan ya yi sanyi, kowa ya nemi lungu mafi duhu ya kwanta. Tsakanin hantsi da la'asar ko kare ba ka gani a waje. Sai rana ta karya gari ke farfaɗowa, kwana kuma a kan soro ake yi. Kaltume ta kalli wannan tsari kwana uku ta yanke hukunci: lalaci ne. Ta ce ba ta taɓa ganin garin da ƙatti ke kwana biyu a rana ɗaya ba.

Gidan da su Kashim ke ciki na wata tsohuwa ce 'yar garin, Minata, doguwa siririya mai magana a hankali. Ita ta riƙe Furera tun zuwanta kamar 'yar cikinta. Ta karɓi Kaltume hannu biyu, ranar haihuwa ma tare suka tsaya. Haihuwar ta zo da sauƙi, aka sami mace.

Tun kafin ranar Kaltume ta sa Kashim ya gina gadon ƙasa mai ramin wuta a ƙuryar ɗaki, ya yi magana da masu kawo itace daga daji da masu jakunan ruwa. A garin da ake lallaɓa ruwa kamar mai, ita tulu shida take nema a wuni. Kashim ya yi duk yadda ta ce. Suruka ce, ko ido ba ya haɗawa da ita.

Washegarin haihuwar da Minata ta ga tururi na fitowa daga bayan ɗaki, ta ji ihun Furera, ta zo da sauri har mayafinta na faɗuwa. Da ta leƙa ta ga garwashi a ƙarƙashin gado, sai ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Yaya Kaltume, wuta a ɗaki? A wannan watan?"

"Mai jego ce."

"Na sani. Mu nan ruwa mai ɗumi muke yi mata, a gasa mata ciki da tsumma, a bar ta inda iska ke bi. Watan nan ko lafiyayye ba ya kwana ƙurya. Ki dubi girman Allah ki rage."

Kaltume ta yi dariyar da ta fi zagi ciwo. Ta ce, "Shekara talatin ina wannan aiki. Yau matan da ke wanka da ruwa ƙoƙo ɗaya ne za su koya mini?"

Minata ta juya ta koma ɗakinta. Ni dai a ganina da ta yi faɗa ranar, da ya fi, amma ita ba mai faɗa ba ce, kuma uwa ce ta zo daga nesa don 'yarta.

Makon farko ya wuce lafiya. Aka yi suna, yarinya ta ci sunan Zara. Furera ta yi fayau, tana shayarwa, tana dariya in uwarta ta kwaikwayi tafiyar raƙumi. Cikin mako na uku ne ƙafafunta suka fara hawa. In aka danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Sai haki, sai wani tari da ba ya barin ta ta kwanta sai a jingine.

Kaltume ta san wannan ciwo, ta sha ganin sa a gida, kuma sunansa ɗaya ne a wurinta: sanyi. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne ta inda sanyi ya bi ya shigo a garin da ƙwai zai dahu a kan dutse. Ba ta daɗe tana nema ba. Wata safiya ta dawo daga kasuwa da wuri, ta tarar da Furera a zaure a kan tabarma, iska na kaɗa ta, Minata na ba ta ruwan salka tana sha kamar za ta haɗiye ƙoƙon. Ashe kullum in ta fita haka suke yi.

Abin da Kaltume ta faɗa wa tsohuwar nan a cikin gidanta ba ya maimaituwa. Ta kira ta makashiya, ta ce in abu ya sami 'yarta ita ce. Ta ja Furera ta mayar ƙurya, ta toshe 'yar tagar ɗakin da tsumma, ta ninka kanwa a kunu, ta ƙara wanka na uku da tsakar rana don a kori sanyin da ya riga ya shiga. Ta hana Minata taka ƙofar. Ba mugunta ba ce, wallahi ba mugunta ba ce. Tsoro ne. Mace ce da ta binne shida, ta ga ta bakwai na kumbura, kuma makami ɗaya ta sani.

A gari duka, hayaƙin gidansu kaɗai ke tashi da azahar. Maƙwabta suka yi ta magana. Kashim ya zo bakin ƙofa ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, mutanen gari suna cewa ko za a ɗan sassauta."

Ta ce, "Mutanen gari ne suka haife ta?"

Ya tashi ya fita. Bai sake ba, kuma wannan ya ci shi har ƙarshen ransa.

A kwana na talatin da ɗaya aka tashi da wata iska mai zafi da ta sa ko masu ruwa ba su fito da wuri ba. Fuskar Furera ta kumbura, idanunta sun shige. Da ta ji uwarta na sauke tukunyar rana, ta kira ta da muryar da ba ta fita sosai.

"Inna, ki bar na rana. Yau kaɗai."

"Saura kwana tara, Auta. Daure."

"Numfashina ba ya kaiwa, Inna."

"Sanyin ne ke fita. Tashi in kama ki."

Ta kama ta, ta yi mata wankan, ba ta rage ko fyaɗa ɗaya ba. Furera ba ta yi ihu ba, Kaltume har ta ji daɗi ta ce jiki ya fara sabawa. Ta mayar da ita gado, ta jingina ta da bango, ta ƙara garwashi, ta fita dama kunu. Da ta dawo da ƙwarya a hannu ta tarar kan ya langaɓe gefe guda, kumfa a bakinta. Ko la'asar ba a kira ba.

Minata ce ta shigo ba tare da an kira ta ba, ta ɗauki jaririyar ta miƙa wa matar ɗanta da ke shayarwa, ta dawo ta yi wa gawar wanka. Ba ta ɗora wa Kaltume laifi ba, ranar ko bayanta.

Kwana uku Kaltume na zaune a tsakar gida tana karɓar gaisuwa, a zuciyarta kuwa tana nan a kan bakanta: ruwan salka ne, iskar zaure ce. A rana ta huɗu, da gari ya yi tsit kowa ya shige lungunsa, wani abu ya tashe ta. Ta hura wuta, ta zuba garwashi a ramin gadon daidai yadda take zubawa, ta ja ƙofa ta rufe, ta hau ta kwanta inda Furera ke kwanciya. Ita kullum shiga take ta fita, hannunta na aiki, ba ta taɓa zama a ɗakin ba. Tana so ta nuna wa kanta cewa ba komai.

Ba ta kai gwargwadon dahuwar kunu ba. Gumi ya karyo ya tsaya, kanta ya shiga sarawa, ƙirjinta ya riƙa bugawa har cikin kunne, ta buɗe baki tana neman iska babu. Da rarrafe ta kai ƙofa. Ta faɗo tsakar gida cikin ranar azahar ta Agadas, ranar da take tsine wa kullum, sai ta ji ta kamar an sa ta a inuwa. Ita ke nan da ƙoshin lafiyarta, ba ta haihu ba, ba a fyaɗa mata tafasasshen ruwa ba. A nan ta yi kukan da ba ta yi ranar mutuwar ba, ta yi ta birgima a ƙasa mai zafi har Minata ta fito ta ja ta zuwa zaure.

Shekara biyu ta zauna a Agadas tana jiran a yaye Zara. Ta koyi tashi da asuba da kashe wuta da hantsi, ta koyi kwanciyar rana da ta kira lalaci. Ta ga matan garin suna haihuwa cikin bazara, a yi musu ɗan ruwan ɗumi, su tashi su ci gaba da harkarsu. Wasu sukan mutu, ba a ce ba sa mutuwa ba, rai na Allah ne. Amma a kwanciyar ranar nan da ba barci take yi ba, ta riƙa bin matan da suka kumbura a hannunta a gida ɗaya bayan ɗaya, waɗanda a da take cewa kwanansu ne ya ƙare. Biyar ta tuna da sunayensu. Ta tuna lokacin kowacce, wata ana sharar gona, wata ana jiran ruwan shuka. Duka biyar ɗin da bazara ne, kuma duka biyar ɗin ƙara musu wuta ta yi.

Da aka yaye yarinyar Kashim ya ba Kaltume ita, ya ce ta fi dacewa da gida. Ranar tafiya Kaltume ta durƙusa gaban Minata, abin da ba ta taɓa yi wa mace ba, ta ce ta yafe mata. Minata ta ce, "Na yafe tun tuni. Ki shayar da yarinyar nan ruwa a hanya, ko ba ta nema ba."

Ta iso gida ana girbin gero. Dallatu ya karɓi jikarsa ya ɗora a cinya. Mata kuwa suka cika gida da gaisuwa, kuma kafin ta buɗe baki sun riga sun gama shari'ar. Ai dole, in ji su, ƙasar da ba itace ba ruwa, ina za a sami wanka na kirki? Sanyi ne ya kama ta. Da a gida ta haihu, a hannun uwarta da kayan aikinta, da tana nan. Kaltume ta ji su sarai. Gaskiya ta zo mata har maƙogwaro, ta dubi fuskokin matan da rabinsu ita ta wanke su, ta ce, "Allah ya riga ya rubuta." Wannan shirun ta ƙara shi a kan abin da take ɗauke da shi.

Ta ce ta tsufa, hannunta ya mutu, ta daina zuwa wanka. Aka yi kaka, aka yi rani, ba wanda ya matsa mata. Sai da bazara ta kama, matar Sabo maƙwabcinsu, wanda danga ɗaya ta raba gidajensu, ta shigo da murna ta ce 'yarta da ta zo goyon ciki ta sauka.

Ta ce, "Inna Kaltume, wannan kam ba za ki ƙi ni ba. Ki yi mata irin naki, mai zafin nan. Ina tsoron kada ta tafi yadda Furera ta tafi."

Kaltume ta ajiye audugar da take kaɗi. Ta ce, "Zauna ki ji. Ba sanyi ne ya kashe Furera ba. Sau uku nake mata a rana, na toshe taga, na hana ta ruwa. Ni na dafa ta da hannuna. Ki bar yarinyarki ta sha iska, ki surka mata ruwan, ki rage kanwa har ruwan sama ya sauka. Don Allah."

Matar Sabo ta dube ta da tausayi, har idonta ya kawo ruwa. Ta dafa ta ta ce, "Haba Inna, daina faɗin haka, kada shaiɗan ya shiga. Kowa ya san kin yi iyakar ƙoƙarinki." Ta fita tana girgiza kai. Kafin azahar magana ta zagaye ƙauye cewa baƙin ciki ya taɓa Kaltume, a riƙa yi mata addu'a. Kaltume ta bi ta har gida ta maimaita, ta je wa Sabo ma ta faɗa, ya ce wannan sha'anin mata ne. Aka rako ta gida a hankali, ana ba ta haƙuri.

Da yamma aka kira Bilki, wata mata daga unguwar gabas da ta yi shekara takwas tana riƙe wa Kaltume tukunya kafin ta fara zuwa ita kaɗai. Kaltume na zaune a gindin danga, Zara na wasa da ƙasa kusa da ƙafarta, ta ji an sauke tukunya a ɗaya gefen. Ta ji ganye ya shiga ruwa, ta ji fyaɗar farko, ta ji yarinyar ta ƙwala ihu. Ba ta tashi ba, ba ta toshe kunne ba. Ta zauna tana bin hannun Bilki daga wuya zuwa kafaɗa, daga baya zuwa ciki, tana jira ko za ta yi kuskure, ko za ta gaji ta tsallake wani wuri. Bilki ba ta tsallake ko ɗaya ba. Kaltume ta koya mata da kyau.